Sai An Cika Shida

Iya Mai Allura ta tura ƙofar firji da gwiwa, hannayenta duka biyu cike da ƙullin ƙanƙara, ta jera su cikin akwatin sanyi kamar yadda ta saba yi kowace Talata. Ta goge tebur, ta fito da auduga da sirinji, ta ɗora biro a kan tarin kati. Sai da ta gama duk wannan sannan ta leƙa baranda don ta ga yawan mutanenta.

Benci uku ne a barandar, dogaye, sun sha zama har sun yi sulɓi. Ranar allura irin wannan, kafin takwas ta buga sun cika, wasu matan sai dai su shimfiɗa zane a ƙasa, kukan yara kuwa har bakin titi ake jinsa. Yau ba kowa. Ta dubi agogon bango, ta dubi na hannunta, ko wani ya yi mata ƙarya. Takwas da rabi, duk su biyun.

Mai sharar asibitin, wadda ake kira Rediyo saboda labari ba ya kwana a bakinta, tana can ƙarshen baranda tana share wuri ɗaya tun ɗazu.

"Ke Rediyo, yau batir ɗinki ne ya mutu? Ina matan nan suka shige?"

Rediyo ba ta ɗago kai ba. "Iya, ba ki ji ba?"

"Da na ji zan tambaye ki?"

"Yaron mai wanki, ta layin bayan kasuwa. Mai kumatun nan da yake kama miki ɗankunne." Ta jingina tsintsiya da bango. "Jiya aka binne shi. Ƙyanda ce. Ta fito masa, ta koma ta sauka a ƙirji."

Iya ta nemi bakin benci ta zauna.

"Ba shi ke nan ba," in ji Rediyo, murya ƙasa-ƙasa. "Wai sau uku aka ga uwar ta goyo shi ta nufo nan. Matan layin sun ce allura uku kika narka masa, jikinsa ya kasa ɗauka. Wasu kuma sun ce ciwon ne kika zuba masa da hannunki. Ƙyandar ta shiga gidaje da dama, amma kowa ta ja ɗanta ɗaki ta rufe, wai kada a kawo shi nan a ƙarasa shi."

Abin da Iya ta sani, wanda Rediyo ba ta sani ba, shi ne yaron nan ko tsinin allurar ƙyanda bai taɓa gani ba.

Shekara ashirin da shida Iya tana wannan aiki, kuma ba a taɓa samunta da lalaci ba. Kowace Talata kafin ta taɓa yaro sai ta tsaya gaban mata ta yi musu bayani, da baki irin na gida. "Jikin ɗanki gida ne," ta kan ce, "akwai masu gadi a ciki, amma ba su taɓa ganin ɓarawo ba. Abin da ke cikin kwalbar nan ɓarawon ne da kansa, an kama shi, an jibge shi, an ɗaure shi hannu da ƙafa. Mu kan jefa shi cikin gidan, masu gadi su taru a kansa, su ƙare masa kallo. Hayaniyar da za su yi ita ce zazzaɓin da za ki ji a jikin yaro, wurin ya ɗan tasa, ya yi miki rigima kwana biyu, wani ma har 'yan ƙuraje. Ba zan ɓoye muku ba. Amma ran da ɓarawon gaske ya hauro katanga, ba sai an gabatar musu da shi ba."

Ba a rasa mai tsiwa da za ta ce, "To Iya, in ya kwance fa?"

"Ni dai ban ga wanda ya kwance ba. Akwai dai yaron da masu gadinsa kan yi gyangyaɗi ranar farko, shi ya sa nake ce muku ku dawo a yi ta biyu. Riga-kafi ya fi magani, amma riga-kafin da aka bari a firji bai tsare kowa ba."

Haka take faɗa, da bakinta. Ga shi kuma ita ce ta bar shi a firjin.

Maganin ƙyanda ba kamar sauran ba ne. Gari ne a 'yar kwalba, sai an zuba masa ruwansa an kaɗa, kuma kwalba ɗaya ta yara goma ce. Daga lokacin da ruwa ya taɓa garin, awa shida ke gare shi. In ta wuce, abin da ya rage zubar da shi ake yi, don ya tashi daga magani ya koma abin tsoro. Yawancin matan da ke cika benci jarirai suke kawowa, masu karɓar wasu alluran. Masu wata tara, waɗanda suka isa ta ƙyanda, ba su da yawa. Wata Talatar takwas, wata Talatar biyu.

An yi wata shekara da maganin ya yanke, wata huɗu cur ba a kawo ba. Iya ta tsaya gaban firji wayam tana mayar da mata gida, ƙyanda kuwa ta shigo ta yi ɓarnar da ta ga dama. A watannin nan ba kwalbar da Iya ta taɓa zubar da rabinta da ba ta dawo mata a rai ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tun daga lokacin ta kafa wa kanta doka: ba ta fasa kwalba sai yara sun cika shida. Akwai takarda manne a bango da ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne. Iya ta kan ce takarda ba ta taɓa tsayawa gaban firji babu komai ba. Manyan da suka aiko takardar kuwa, su ne dai a wurin taro suka miƙe da ita suka ce duk yankin ba wadda ta kai ta tattali, suka ba ta kyautar agogon bango. Shi ne wannan da ke rataye a kan teburinta.

Mai wanki ta zo Talatar farko, masu wata tara su biyu ne. Iya ta ce ta dawo. Ta dawo, su uku ne. Ta uku kuwa su biyar suka taru, saura ɗaya tak. Suka zauna har rana ta take. Mai wanki ta fita bakin ƙofa tana leƙen titi ko za ta hango mai goyo, ta dawo tana dariya.

"Iya, ki ƙirga da ni mana mu cika shida. Ga damtsena, ni ma wata tara na yi a ciki."

Matan suka kwashe da dariya, Iya ma sai da ta murmusa. Yaron ya miƙo hannu ya cafke mata ɗankunne. Ta ɓanɓare 'yan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Talata mai zuwa, 'yata. Mai haƙuri ya kan dafa dutse."

Talata ta zo, mai wanki ba ta zo ba, sauran huɗun ma ba su zo ba. Iya ta ce a ranta za ta aika a kira su. Aiki ya sha kanta, mako uku suka wuce.

Tana nan zaune kan benci, tara ta gota, sai ga wani tsoho ya shigo saɓe da yarinya a kafaɗa. Mai gyaran takalma ne na bakin tasha, idonsa ɗaya fari fat.

"Iya ta kowa, ga amaryata na kawo miki," ya ce, yana sauke jikarsa. "Jiya ta cika wata tara. Uwarta ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Na bari ta shiga wanka na sato ta."

"Baba, ba ka ji abin da ake faɗa a kaina ba?"

"Na ji. Kunnena biyu, ido ne ɗaya." Ya nuna farin idon da yatsa. "Wannan ƙyanda ce ta cinye shi ina ɗan shekara uku, ta haɗa da ƙannena biyu. A lokacin babu ke, babu allurarki, to wa ya zuba mana? Ni ba a ba ni labarin ɓarawon nan, na san shi ya san ni." Ya waiga ya dubi bencin. "Sai dai na ga mu kaɗai ne. In koma ke nan?"

Duk garin an san dokarta, har masu gyaran takalma.

"Zauna, Baba."

Ta buɗe akwatin sanyi ta ɗauko kwalba. Ta ja ruwan, ta zuba, ta kaɗa a hankali har garin ya narke. Ta dubi agogon bango ta rubuta a jikin kwalbar: tara da kwata. Yarinyar ta callara ƙara sau ɗaya, ta ɓoye fuska cikin gemun kakanta.

"Shi ke nan, amarya, an gama. In jikinta ya yi ɗumi nan da mako guda kada ku tsorata, Baba."

"Ni da za a tsorata da ni yanzu in na koma gida," in ji tsohon. Ya saɓa jikarsa ya fita.

Saura na yara tara a kwalba, wa'adinsa uku da kwata.

Iya ta rataya akwatin sanyi ta ce wa Rediyo ta kula da ɗaki. Ta bi titi har bakin famfon da matan layin bayan kasuwa ke ɗiban ruwa. Mata sun fi goma, bokitai a jere, ana ta hira. Suna hango farar rigarta hirar ta mutu. Wata mai goyo ta ja mayafi ta rufe kan ɗanta, ta juya shi wajen bango.

"Sannunku da aiki. Na buɗe ta ƙyanda, akwai na yara tara. Duk mai ɗan wata tara zuwa sama ta kawo shi, a nan ma zan yi masa."

Ruwa ya cika bokiti yana zuba ba wadda ta janye.

"Yau kuma gida-gida ake bi?" in ji wata doguwa mai sayar da gawayi. "Da mu ke bin ki kina yanga. Ruwa ba ya tsami banza."

"Iya, mu bar mu da zazzaɓinmu," in ji wata. "Wanda ya je sau uku ma ga inda ya ƙare."

Ga wurin faɗin gaskiya, ga masu ji. Magana ta zo wa Iya har maƙogwaro: yaron nan ban yi masa ba. Sai ta dubi fuskokinsu, waɗansu ita ta yi musu allura suna jarirai, yau ga su da nasu. Shekara ashirin da shida ana tashi a ba ta wurin zama. Kunya ta danne mata harshe. Ta gyara igiyar akwati a kafaɗa ta ce, "Ina asibiti har uku da kwata." Ta juya. Tana jin wata na cewa a bayanta, "Allah ya raka taki gona."

Sha biyu ta wuce tana zaune a ɗakinta, kwalbar na cikin ramin ƙanƙara, sai aka yi sallama da murya kamar ta marar lafiya. Mai wanki ce. Idanunta sun kumbura, hannayen nan da sabulu ya cinye suna riƙe da wani abu a ƙarƙashin mayafi. Zanen goyo har yanzu yana ɗaure a ƙirjinta, babu kowa a bayan.

Iya ta miƙe. "'Yata..."

Mai wanki ta fito da katin yaron ta ajiye kan tebur, ta buɗe shi, ta sa yatsa a kan gurbin da ba a rubuta komai ba.

"Iya, ba rigima na zo yi ba. Ki rubuta mini a nan. Ki sa kwanan wata, ki sa hannu."

"In rubuta me?"

"Cewa an yi masa." Ta matso da katin gaban Iya. "Ran da na koma na uku, babansa ya tare ni tun daga ƙofa. Dama ya ce in na sake dawowa haka nan, in wuce gidanmu, wai yawo nake zuwa. Kwana uku ke nan na bar wankin mutane a jiƙe, gida ɗaya ma sun sallame ni. Ya ce an yi? Na ce an yi. Na ce a raina Talata zan saci jiki in zo. Talata ta zo, da wane baki zan ce za ni asibiti, bayan na ce an gama?"

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Shi ne fa ya tsaya a kan allurar nan, Iya. Surukata ta ce kada a yi, 'yan'uwansa suka ce kada a yi, ya ce ɗansa ne. Har gaisuwa suka daina da yayansa. Tun jiya bai ci ba bai sha ba, sai cewa yake shi ya kashe ɗansa, shi ya kashe ɗansa. Yanzu kati yake nema, wai zai bi gida-gida ya nuna wa kowa kada wani ya sake kawo ɗansa. Na ce na manta shi a nan. In ya ga wurin nan fari, na rasa ɗa na rasa aure. Layi ɗaya ne, Iya. Ke ma kin huta."

Ba ƙarya ta yi ba, Iya ma ta huta. Layi ɗaya, kuma ba mai sake tambayar wa ya kori wa. Sai a ce magani ne bai kama ba, ko a ce shi ya yi kisa, ita dai ta yi aikinta. Iya ta ɗauki biro. Ta cire murfin. Ta dubi gurbin, ta dubi akwatin sanyi, ta tuna matar da ta juya ɗanta wajen bango. In ta rubuta, katin nan zai zaga layin kaf, kuma ba Talatar da bencin nan zai sake cika. In ba ta rubuta ba, ga yarinya a gabanta da zanen goyo babu goyo. Gaba kura, baya sayaki.

Ba ta kai ga zaɓa ba aka bankaɗo labule. Mai walda ne, mijin mai wanki, dogo, rigarsa duk hudar tartsatsi. Ashe ya biyo sawun matarsa. Rediyo na bayansa tana cewa, "Malam, a yi haƙuri, a yi sallama mana."

Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ciwo.

"Iya, ke kika yi mini tawa ina yaro, uwata ta faɗa mini. Shi ya sa na yarda da ke. Ki faɗa mini abin da kika zuba wa ɗana. Ba zan taɓa ki ba. So nake in san me na kai shi aka yi masa."

Mai wanki ta dafe katin da tafin hannu. Iya ta mayar da murfin biro ta ajiye. Ta zare katin daga ƙarƙashin hannun yarinyar a hankali, kamar yadda ta taɓa ɓanɓare 'yan yatsun ɗanta, ta miƙa masa.

"Duba layin ƙasa, ɗana. Ban zuba masa komai ba."

Ya duba. Ya juya katin, ya sake juyo shi.

"Sau uku matarka ta kawo shi, sau uku na mayar da ita. Kwalbar ta yara goma ce, ni kuma ba na buɗewa sai sun kai shida. Ran nan su biyar ne. Ba kai ka kashe shi ba, ba allura ce ta kashe shi ba. Maganinsa yana cikin firjin can tun kafin a haife shi."

Mai walda ya juya ya dubi matarsa. "Kin ce an yi."

"Ni na sa ta," in ji Iya da sauri, kafin yarinyar ta buɗe baki. "Ta ce mini kana faɗa. Na ce je ki ce masa an yi, in sun taru zan aiko a kira ki a ɓoye. Ban aika ba. Yarinya ce, babba ya ba ta umarni, me za ta yi? Duk abin da za ka ɗora, nan za ka ɗora shi."

Gaskiya ɗaya ta faɗa da ƙarya ɗaya, duka biyun a kanta suka sauka. Mai wanki ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Mai walda ya dubi firjin, ya dubi takardar da ke manne a bango, ya bi ta da ido layi-layi, leɓensa na motsi.

"Saura ɗaya," ya ce. "Da na sani ai da na aro ɗan maƙwabci." Ya yi wata irin dariya da ba ta da daɗin ji. "Iya, ni ƙarfe nake liƙawa. In mutum ya kawo mini ƙafar kujera ɗaya, ba na ce masa sai ya karya sauran ukun."

Ya sa katin a aljihu, ya kama hannun matarsa ya ɗaga ta. A baranda ya saki muryar da ya danne, tun daga nan har titi ana jinsa: "Ba ta yi masa ba! Ku fito ku gani, ga kati! Magani na nan a ajiye ta hana shi!"

Rediyo ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya. Yau labari ya fi ƙarfinta.

"Iya, in kawo miki ruwa?"

"Bar shi."

"Shugaban asibiti ya ji. Ya ce gobe da safe ki same shi a ofis, ki zo da makullin firji."

"Na ji."

Ƙarfe ɗaya ta yi. Biyu ta yi. Iya ta ja kujera bakin ƙofa inda za ta riƙa hango titi, akwatin sanyi a kan cinyarta. Ta yi tsammanin ko yanzu da gaskiya ta fita wata za ta kawo ɗanta. Amma magana zarar bunu ce, kuma ba kullum take faɗa inda aka nufa ba. Rediyo ta je kasuwa ta dawo ta ce zancen ya rabu uku: wasu sun ce Iya sayar da maganin take yi, wasu sun ce ruwa take ɗura wa yara tun da can, wasu kuma sun ce kati ne aka goge don a rufa asiri. Mai gyaran takalma kuwa an ce surukarsa ta kwashe kayanta ta tafi da yarinyar.

Uku ta buga. Iya ta fito da kwalbar ta ɗaga ta wajen haske. Ruwan na nan garau, ba abin da ya nuna. Ta riƙe ta cikin ƙanƙara tana kallon dogon hannun agogon da aka ba ta kyauta yana tafiya abinsa, bai san kowa ba. Da ya sauka kan uku da kwata ta ƙara minti biyu, don kunya. Sannan ta ja layi a kan rubutun, ta jefa kwalbar cikin kwalin da ake ƙonawa. Na yara tara. Da a ce ran nan ta buɗe, na biyar kaɗai za ta zubar. Garin neman gira an rasa ido.

Tana wanke hannu ta ji takun mutum a baranda. Wata matashiya ce da goyo, tana leƙe. Iya ta nufi firji hannunta a jiƙe.

"Shigo, 'yata, shigo! Ba ki makara ba. Yanzu zan buɗe sabuwa, ko shi kaɗai ne."

"Ba allura na zo ba, Iya." Matar ta kwanto goyon ta juyo shi gaba. "Mun ji mai walda. Tunda ba ke kika zuba ba, na ce bari in fito da shi. Kwana huɗu ke nan jikinsa kamar garwashi. Duba idonsa. Duba bayan kunnensa."

Iya ta duba. Ido ja, hanci na zuba, ƙananan ƙuraje sun taso daga bayan kunne sun gangaro wuya. Ta ɗago ta dubi uwar, ta gane ta. Tana cikin biyar ɗin nan. Ita ce ta fi kowa dariya ran da mai wanki ta miƙa damtse.

"Sauran fa? Waɗanda kuka zauna tare?"

"Suna tafe. Ta kusa da gidanmu nata ma ba ya kama nono."

Iya ta saki marfin firji ya rufe kansa. Ta ce wa Rediyo ta ruga ta kira likita, ta ce masa ya taho da duk abin da ke gare shi. Ta jiƙa tsumma ta ɗora wa yaron a goshi. Kafin ta juya wata ta shigo, sai wata, sai wasu biyu, sai mai gawayin nan ta bakin famfo rungume da ɗan ƙanwarta, ba tsiwa ba magana. Ba wadda ta gaishe ta, ba wadda ta zage ta. Kowa ta nemi wuri ta zauna a bencin farko, ta kwanto ɗanta ta ɗora a cinya. Yaran ba sa kuka irin na ranar allura. Tari kawai suke yi, ƙasa-ƙasa, ɗaya ya saki ɗaya ya kama.

Iya ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ba ta yi niyyar ƙirgawa ba, ido ne ya saba, ya bi bencin daga wannan kai zuwa wancan.

Sun cika shida.